Kafin a kafa turke: jawabi ga mutanen unguwannin Dakoro

 Muna gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci da malamansu, waɗanda za su sake karanta wannan jawabi a takarda bayan sun ji shi a rediyo. Yau maganarmu ta nufi garin Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Amma in kana Mayahi, ko Tasawa, ko Madarunfa, kada ka ce ba da kai ake ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga tambayar da za mu fara da ita. Hanyar da ta bi ta ƙofar gidanka, wa ya ce ta bi nan? Filin da yaranku ke wasa, da wanda kuke sallar idi, da wanda shanu ke bi zuwa rijiya, na wane ne? In gobe ka tashi ka tarar an kafa turakun siminti a cikinsu, wurin wa za ka tafi, kuma da wace takarda a hannu? Mutane da yawa ba su taɓa yi wa kansu wannan tambaya ba sai ranar da suka ga an sauke bulo. Ranar nan kuwa aikin gama ya gama.

Dakoro ba tsohon gari ba ne in an gwada shi da Katsina ko Damagaram. A 1947 ne Turawan Faransa suka mai da wurin mazaunin kwamanda, domin su riƙa duba makiyaya da manoman da ke ta hawowa arewa neman ƙasar noma. Daga nan gari ya kama girma. Kasuwa ta ci, Hausawa da Fulani da Buzaye suka haɗu suna ciniki. Farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobi, mutanen daji da yawa suka shigo gari, waɗansu ba su koma ba. Ga kuma haihuwa. Yaron da aka haifa a ɗaki guda, yau shi ma magidanci ne, yana neman inda zai kafa nasa gida. Wannan ba laifi ba ne. Gari mai rai dole ya faɗaɗa. Abin dubawa shi ne ta ina zai faɗaɗa, kuma me zai taka a kan hanya.

To, bari mu bayyana yadda ake yankan filaye, abin da ma'aikata ke kira lotisma. Hukumar gari takan ɗauki wani yanki a bakin gari, galibi gonakin mutane ne. Masu awo su zo su auna, su zana taswira, su raba wurin kare-kare, su fid da tituna. Masu gonaki a ba su nasu rabo cikin filayen, sauran a sayar. A cikin taswirar nan akwai wuraren da ake warewa domin amfanin kowa: wurin lakwal, wurin likita, wurin kasuwa, maƙabarta, da fili na shan iska. Ƙa'idar aiki ke nan, kuma ƙasarmu tana da dokar tsarin birane da aka sabunta a 2017.

Amma ku lura da abu guda. Mai awo baƙo ne. Yakan zo da rani, ƙasa ta bushe ƙamas, ya ga fili shimfiɗe. Bai san cewa cikin watan Agusta ruwan unguwa uku ta nan yake gangarawa zuwa kududdufi ba. Bai san cewa ƙarƙashin waccan aduwa akwai kaburburan mutanen farko ba. Bai san cewa ƴar hanyar da ya gani kamar ta awaki, burtali ce da garke ke bi tun kafin a haifi ubansa ba. Na'urarsa tana auna tsawo da faɗi, ba ta jin labari. Ku ne kuka san waɗannan abubuwa. In ba ku faɗa ba, ba za su shiga taswira ba, kuma abin da bai shiga taswira ba, a idon takarda babu shi.

Akwai kuma wata matsala da aka sha gani a garuruwa da yawa. Filin da aka ware domin lakwal yakan yi shekara goma babu gini, don babu kuɗi. Sannu a hankali a fara gutsurarsa, wannan ya ja katanga, wancan ya kafa rumfa, har a wayi gari an yanka shi an sayar. Ranar da kuɗin lakwal suka samu, sai a rasa inda za a aza ta, a kai ta can bayan gari inda ƙaramar yarinya ba ta iya zuwa da ƙafa. Fili maras mai tsaro, ai kowa ma mai shi ne.

Mu ɗauki misali daga Maraɗi, wadda ba ta kai tafiyar yini ba daga Dakoro. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwari yake, bakin Gulbi. Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi sun zaɓi wurin ne saboda kurmi yana kāre su daga mahara. A 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye gari. Dole aka tashi aka koma kan tudu, aka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu, shi ne Maraɗin da kuka sani yau. Mutane suka hau tudu da sunayen unguwanninsu, irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ƴandaka, amma gidajen kakanni sun tafi da ruwa. Shekaru kusan 80 bayan haka, a ƙarshen watan Agusta 2024, ruwan sama mai yawa ya sauka a Maraɗi cikin ɗan lokaci, gidaje suka faɗi, aka yi hasarar rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ka toshe ta da gini ko da shara, zai nemi wata, kuma ta cikin ɗakin wani zai bi.

Yanzu mu zo kan kayan tarihi. Na san wani zai ce: malam, wane tarihi ke ga garin da bai cika shekara ɗari ba? Tarihi ai sai Agadas da Damagaram. Wannan magana ba daidai ba ce, ta fuska biyu.

Ta farko, garin ne sabo, ƙasar ba sabuwa ba ce. Nan kusa da Dakoro akwai Birnin Lalle. Gobirawa, bayan sun baro Azbin, a nan suka kafa babban birninsu, suka daɗe suna sarauta, kafin su gangara kudu maso yamma har su gina Alƙalawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri wajen 1836. Ke nan duk Bagobirin da ke Tsibiri ko Sabon Birni, in ya bi sawun kakanninsa, sai ya biyo ta ƙasar Dakoro. Sunan wurin ma shaida ne, don Bahaushe ba ya kiran ƙauye birni. Yara nawa ne a lakwal ɗin Dakoro suka san wannan? Manomi nawa ne ya tono tsohon kasko ko dutsen niƙa a gonarsa ya jefar, don bai san darajarsa ba? Tun 1997 ƙasarmu ta kafa dokar kāre kayan tarihi da na al'ada. Abin da aka tono irin wannan ba na sayarwa ga ɗan kasuwa ba ne. A sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma.

Ta biyu, abin tarihi ba sai ya shekara dubu ba. Rijiyar da aka fara ginawa a unguwarku, wadda saboda ita mutane suka zauna, abin tarihi ce. Masallacin farko, zauren mai unguwa na farko, ajin farko na lakwal inda manyan ma'aikatan yau suka koyi baƙi, tsohuwar mahauta, itacen da ake shari'a a ƙarƙashinsa, duk suna ciki. Damagaram ma da can sabon gari ce. Abin da ya sa take da abin nunawa yau, waɗanda suka gāje ta ba su rushe komi da komi ba. Kuma Dakoro tana da wata sa'a da tsofaffin birane ba su da ita: har yanzu akwai tsofaffi da suka ji labarin kafuwar garin daga bakin waɗanda suka kafa shi. Kowace shekara suna raguwa.

Gini kuwa, ko ya kai shekara nawa, ba ya tsayawa da kansa. A farkon watan Satumba 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Duk ƙasa ta ji zafin abin. Dubi kuma hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa zalla, wadda aka sake ginawa a 1844, tana nan tsaye. Itatuwan nan da kuke gani sun fito daga jikinta ba ado kaɗai ba ne, matakala ce ta magina, don a riƙa hawa ana yi mata yaɓe. Saboda irin wannan kulawa ne hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013.

A nan bari in tsaya kaɗan, don akwai kuskuren da ake yawan yi. Mutum ya ga tsohon ginin ƙasa, yana son ya gyara shi, sai ya shafe shi da siminti. A ido ya yi kyau. Amma siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. In siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ba ya samun hanyar fita, sai ya riƙa cin bangon daga ciki ba wanda ya gani, ran nan a ji rugum. Maginanmu na dā sun san makuba, wadda ake yi da kwasfar ɗorawa, sun san laso, sun san yadda ake kafa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Galibin ginin ƙasa daga sama da ƙasa yake mutuwa: indararo ya toshe, ko ruwa ya kwanta a gindi. Gyaran waɗannan biyu kafin damina aikin yini ɗaya ne ga samari goma. Kuma kada ku raina ginin ƙasa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 tare da mutanen gari, ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, duk cikin jihar Tawa, da aka gina sabon masallaci ba a rushe tsohon ba, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gama aikin a 2018. Ƴar ƙasarmu Mariam Kamara na cikin waɗanda suka tsara shi.

To, wa zai yi wannan aiki a unguwa? Ba sai mun aro dabara daga waje ba. Kakanninmu suna da gayya, suna da sarkin samari. Bayan 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta raya samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye. Waɗanda suka manyanta cikinku sun tuna: an gina azuzuwa, an share tituna, an cike ramuka, an dasa itatuwa, musamman ran 3 ga Agusta da ta zama ranar dashen itace tun 1975. An yi aiki ƙwarai, ba mai musu. Sai dai umurnin daga sama yake zuwa, shi ya sa da zamani ya juya wajen 1991, samariya ta yi sanyi. Daga baya samari suka koma fada, ana shan shayi ana hira. Waɗansu fadodin suna yashe lambatu, suna gadin unguwa da dare, waɗansu kuwa shayin ne kawai. Mata su ma suna da nasu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara su a 1991, kuma sun nuna cewa mata talatin da akwati guda da littafi guda suna iya riƙe amana shekara da shekaru. Ga kwamitocin iyayen yara na lakwal, ga kwamitocin famfo. Ke nan hannuwa akwai su. Abin da ya rage shi ne su zauna wuri guda su dubi unguwar kanta.

Shawararmu ita ce kowace unguwa ta kafa ɗan kwamiti a ƙarƙashin mai unguwa. Kada ya yi yawa, taron yawa ba ya yanke magana. A sa dattijo wanda ya san iyakoki, da liman, da magini, da samari. A sa mata, don su ne suka san inda ruwa ke kwanciya da nisan rijiya, su ke ɗauko ruwan. A sa makiyayi, ko da ba a cikin gari yake kwana ba, don burtali da mashaya nasa ne, kuma rigimar da ake yi a kansu kun san inda take kaiwa. In an bar shi waje, an bar rabin Dakoro waje. Sannan a sami mai rubutu. Nan ne ku ƴan yaƙi da jahilci za ku ga amfanin wahalar da kuka sha kuna haɗa baƙi da wasali.

Aikin farko ba ya bukatar ko dala. Ku sami fili ku share, ku zana unguwarku a kan rairayi. Ga masallaci, ga rijiya, ga maƙabarta. A sa tsakuwa a madadin gidaje, a ja layi da kara inda ruwa ke bi. Za ku ga gardama ta tashi, wannan ya ce iyaka nan take, wancan ya ce a'a. Ku bari a yi ta, gara a yi ta yau a kan rairayi da a yi ta gobe gaban alƙali. In an daidaita, mai rubutu ya kwafe zanen a takarda, ya rubuta sunan kowane wuri da Hausa, ko da boko ko da ajami, ya sa kwanan wata, waɗanda suka halarta su sa hannu ko su dangwala yatsa. A yi kofi uku: ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin kwamiti, ɗaya a kai ofishin magajin gari a karɓo shaidar an ajiye.

Daga nan ku nemi a nuna muku taswirar yankan filaye ta unguwarku. Ku tafi da ladabi, ku biyu ko uku tare da mai unguwa, ku ce kuna son ku san wuraren da aka ware domin jama'a. Ba roƙo ba ne, ba kuma faɗa ba ne. Ma'aikacin kirki zai ji daɗi, don kun rage masa aiki. In kun san filin, kada ku bar shi kango. Ku kewaye shi da dashe, ku sa bedi ko aduwa, ku kafa allo ku rubuta: wannan filin lakwal ne. Filin da yara ke ba itatuwansa ruwa kowace safiya yana da wuyar sacewa.

Game da gonakin bakin gari da burtali da rijiyoyin makiyaya, akwai hukumomin kula da filaye da ake kira kofo, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993. Akwai su a matakin gunduma, da na da'ira, har da na ƙauye. Su ke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gādo, ko aro, ko jingina. Dokar makiyaya ta 2010 kuma ta ƙara tabbatar da cewa burtali dukiyar jama'a ce, ba mai ikon nome ta ko sayar da ita. Kai mai gona a bakin gari, nemi takardarka tun gari bai iso ka ba. Ke ma da kika gāji gona wurin mahaifinki, a rubuta sunanki, kada ki ce wanki ya isa. Kuma kowa ya kiyaye: kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In ka iya karatu, karanta da kanka, sannu sannu, ko mai sayen yana gaggawa.

Akwai wani abu mai nauyi da ba za mu ɓoye ba. Wanda ya gina a hanyar ruwa, galibi ba don taurin kai ba ne, don nan ne kuɗinsa suka isa. In kwamiti ya tashi da kora da tsawa, ya zama azzalumi, kuma unguwa za ta rabu biyu. Aikinku shi ne ku hana sabon gini a wurin tun ana zuba yashi, waɗanda suka riga suka zauna kuma ku kai kukansu ga hukuma a nema musu wani wuri. Haka nan mai tsohon zaure da ke son ya rushe ya gina kanti, gidansa ne, yana da iyali da zai ciyar. Ba a hana shi da baki kawai. In unguwa na son zauren ya tsaya, to unguwa ta kawo gayyar yaɓe, ko ta nema masa amfani, ya zama ajin karatun manya ko wurin taron kwamiti. In kuma ba yadda za a yi, a ɗauki hotonsa, a auna shi, a rubuta wanda ya gina shi da shekarar da aka gina, kafin a sa masa gatari. Wayar da ke aljihun ɗanku ta isa wannan.

Kwamiti kuma ya tsare kansa daga abu biyu: siyasa da kuɗi. Shugabannin gari suna canzawa, a 2024 ma an rushe majalisun da'irori aka naɗa masu riƙo, amma hanyar ruwa tana nan inda take. In an tara kuɗin gayya, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a bainar jama'a. Ɗan kwamitin da aka ba fili don ya yi shiru, ya sayar da unguwarsa ne da araha.

Ga aikin da muke ba kowane aji na wannan mako. Ku zaɓi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a unguwarku, ku kai musu goro, ku tambaye su: wa ya fara zama a nan, daga ina ya zo, wace rijiya aka fara ginawa, kuma ina ruwa ya bi a shekarar da ya fi yawa? Ku rubuta amsar yadda suka faɗe ta, kada ku gyara musu magana. Malaminku ya tattara ya aiko mana, za mu karanta waɗansu a wannan fili, mu buga waɗansu a jarida da sunan unguwarku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar sayen fili mu bi ta layi layi, mu ga inda ake rubuta iyaka da inda shaidu ke sa hannu. Ku zo da alli da allo. Mu kwana lafiya.